Kunnuwan Bes Ɗina

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Daren jiya na sha kunya a wani biki a Tudun Wada, nan Gusau. An tsayar da kiɗa don wan ango ya yi jawabin godiya, fili ya yi tsit, sai ga lasifikata tana ƙugi kamar an ɗaure tsohon firji a bayan rumfa. Oga ya juyo ya galla mini harara, na yi wuf na murɗe bolum. Da aka tashi muna naɗe wayoyi ya ce, "Malam, ko dai ka yi wa jitar nan magani, ko mu mayar da bes hannun hagun mai fiyano." Na san ba barazana ba ce. Masu kiɗan biki da yawa haka suka koma, fiyano ɗaya ta cinye abincin mutum huɗu.

Jitar bes ce, wato mai kaɗa ƙasan sauti a cikin kiɗa, 'yar gwanjo ce, shekara shida ke nan tana hannuna. Sunan da ke kanta ya goge tun kafin ta zo gare ni, amma ƙirar Jazz Bass aka kwaikwaya, wadda kamfanin Fender na Amurka ya fitar a 1960, shekara tara bayan yayarta Precision Bass. Tsirkiya huɗu, siraran fikof biyu masu ɗaukar sautin tsirkiya, ɗaya wajen wuya ɗaya kusa da jaki, wato ƙarfen da gindin tsirkiyoyin ke zaune a kai, bolum biyu da mamurɗin amo ɗaya.

Ciwonta biyu ne. Na farko ƙarar nan. Na biyu, wanda ya fi ci mini rai, da zarar kalangu da fiyano sun shigo sai muryarta ta nutse: ƙirjin mutane yana jin dukan, amma ba wanda zai iya rera abin da na kaɗa. Na ƙudurta sayen sabbin fikof. Zan riƙa rubuta duk abin da na taɓa, don na san halina, bayan mako biyu sai in manta wace waya na cire daga ina.

Talata, 14 ga Janairu

Na kai ta wurin Baba mai gyaran rediyo a tsohuwar kasuwa. Bai taɓa riƙe bes ba, amma ya fi shekara talatin yana shaƙar hayaƙin dalma. Na faɗa masa fikof nake son sakewa, ya ce a-kori-kura ya sani da wannan suna. Da na nuna masa abin, ya jujjuya shi ya ce, "To ai kunne ne. Ɗana, kahin ka sai sabon kunne, bari mu ga ko wanga na da lahiya."

Sunan ya zauna, don gaskiyarsa. Sai dai kunne ne da ba ya jin iska, ƙarfe kawai yake ji. Maganaɗisu ne aka nannaɗe shi da wayar jan ƙarfe mai sirantar gashi, zagaye dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansa sai 'yar wuta ƙanƙanuwa ta motsa a cikin naɗin, ita ce amfilifaya ke kumburawa ta zama sauti. Matsalar, kunnen bai san tsirkiya da fanka ba. Taransifoma, janareta, cajar waya, duk gulmarsu yana kwashewa.

Baba ya ɗora mita. Na wuya ya nuna om 6,800, na jaki 7,100. Lafiyarsu lau, naɗin bai tsinke ba. Sai ya ce in jona, in ɗora hannu a kan tsirkiya in ɗauke. Na yi, ƙarar ba ta motsa ba ko kaɗan. Ya ce in kwance jaki. Can ƙarƙashinsa akwai wata 'yar waya da ya kamata ta haɗa jakin da wayar ƙasa ta cikin jita, wadda ke zubar da ƙarar wuta. Tawa ta yi tsatsa ta koma cikin raminta kamar ƙadangare. Ya jawo ta, ya fere bakinta, ya baza zaren a ƙarƙashin jakin muka ɗaure. Yanzu da na taɓa tsirkiya sai rabin ƙarar ya ɗauke.

Kuɗin shayi kawai ya karɓa. Shekara nawa nake zagin fikof a kan laifin wayar da ba ta kai tsawon yatsa ba, Allah masani.

Lahadi, 19 ga Janairu

Sai yau na gane ƙara biyu nake fama da su, ba ɗaya ba. Akwai siririya ta sama, ziiii, kamar kukan sauro. Akwai kuma ƙugin nan na ƙasa.

Maganin sauron shi ne a lulluɓe ramukan cikin jita da ƙarfe, a haɗa lulluɓin da wayar ƙasa. Salatif na jan ƙarfe ake sa wa, ban samu a gari ba, sai na ɗebi foyil ɗin da uwargida ke naɗe kaza. Na yanka, na shafa gam, na shimfiɗa a ramin bolum da ramukan kunnuwa biyu da bayan faifan da ke rufe su. Aiki ya yi kyau a ido. Da na gwada da mitar da na aro wurin Baba, wani yanki ba ya gaisawa da na kusa da shi, gam ya shiga tsakani ya raba zumunci. Dole na ɓanɓare, na sake shimfiɗawa ina lanƙwasa bakin kowane yanki yadda ƙarfe zai hau ƙarfe tsirara. Foyil kuma ba ya karɓar dalma, na ɓata minti ashirin kafin in yarda. Ɗan sukuru na ɗaura a jikin katakon ya danne foyil da waya tare.

Sauro ya mutu. Ko ban taɓa tsirkiya ba, shiru. Ƙugi kuwa yana nan daram, don shi ta maganaɗisu yake shigowa, foyil ba ya tare shi. Idan na juya da jitar a tsakar ɗaki sai ya ƙaru, in na ƙara juyawa ya ragu.

Ƙugin nan daga kaɗawar wutar lantarki yake. Wutar ƙasar nan tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka 60. Sautin G na ƙasa, firet na uku a babbar tsirkiya (firet su ne siraran ƙarafan da aka gicciya a wuyan jita), yana kaɗawa sau 49. Ka ga maƙwabtaka ta ƙut da ƙut ba tare da jituwa ba. Shi ya sa duk waƙar da ta zauna a kan G nake jin sautin yana rawar ɗari, wu-wu-wu, ina ɗora wa kunnena laifi. In kuma janareta ce, ita ba ta ma tsaya a kan 50 ɗin ba, da an jona mata kaya ta sauka.

A Jazz Bass ta ainihi an yi dabara: kunnuwan biyu, maganaɗisunsu da naɗinsu a juye suke da juna, saboda in an buɗe bolum biyu daidai, ƙugin wannan ya kashe na wancan, sautin tsirkiya kuma ya haɗu. Tawa na buɗe duka biyu, ƙugi sai ƙaruwa. Na ɗauko dardumar da Kawu ya kawo mini tsarabar Makka, mai kamfas ɗin alƙibla a jiki, na kusanto da ita kan kunnen wuya, jan bakin allurar ya juyo. Na kai kan na jaki, jan bakin ne dai ya sake juyowa. Tagwaye ne aka sa mini, masu hali ɗaya.

Na kira Baba. Ya ce sandar maganaɗisun da aka manne a gindin ɗaya za a ɓanɓaro a kifa ta, a musanya wayoyinsa biyu, shi ke nan, ko sisi ba zan kashe ba. Na ce to. Amma zuciya ta riga ta ƙwallafa a kan sabo.

Alhamis, 30 ga Janairu

Hunturu ya taɓa wuyan. Katakon ya bushe ya tsuke, bakin firet ya fito yana yankar mini tafi, tsirkiya kuma ta yi sama har sai na matsa da ƙarfi. Ba amfanin auna tsayin kunne a kan wuyan da ya gantsare, don haka da shi na fara.

Ƙanena ya danne firet na farko, ni na danne na ƙarshe, muka duba ratar da ke tsakanin tsirkiya da firet na takwas. Abin da Fender ke ba da shawara wajen milimita 0.3 ne. Tawa katin ATM yana shigewa har da rangaji. Na aro fila geji wurin mai gyaran babur na bakin layinmu, wadda yake auna bawul da ita, na sassauta tsirkiya, na sa alanki a sandar ƙarfen da ke cikin wuya na ɗaure rubu'in zagaye. Na bar ta ta kwana. Da safe na ƙara wani rubu'in. Wannan sanda ba a yi mata gaggawa, in ta karye jitar ta zama itacen girki.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na tura kuɗi Legas. Na daɗe ina lissafin masu batir irin na kamfanin EMG, don ba sa ƙugi, amma batir mai bolt 9 suke ci, kuma in ka manta waya a jone a jikin jita, yana nan yana zuƙewa. Ni da nake manta makullin babur a jiki, ba ni ba su. Na ɗauki marasa batir, masu maganaɗisun alniko, wato gamin ƙarfe da alminiyam da nikel da kobal, sanduna takwas a kowane kunne, biyu-biyu ga kowace tsirkiya.

Bukukuwa sun yi yawa, kowa yana son a kai amarya kafin azumi. Ba zan buɗe cikinta ba sai an ga wata.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Saƙo ya iso tasha. Kafin in cire takalmi na ɗauko darduma: ɗaya ya jawo jan baki, ɗaya fari. Alhamdulillahi.

Murna ba ta yi nisa ba. Na gwada kunnen jaki a bakin raminsa, ya ƙi shiga. Ashe a ƙirar Fender na jaki ya fi na wuya tsawo da kusan milimita 3, don tsirkiyoyin suna bajewa in sun doshi jaki. Wanda ya ƙera tawa bai wahalar da kansa ba, rami biyu ya haƙa masu awo ɗaya. Laifina ne, ruler tana cikin jakar 'yata duk tsawon lokacin nan, ban auna ba.

Laraba, 5 ga Maris, 5 ga azumi

Kafinta ya faɗaɗa ramin da kurfi, yana yi ina riƙe da numfashi. Fenti ya ɓalle a gefe ɗaya, girman ƙwayar gero. Na shafe da baƙar maka. Foyil ɗin ramin duk ya yage, sai sabon shimfiɗi, karo na uku ke nan.

Lahadi, 9 ga Maris

Bayan asham na zauna haɗa wayoyi. Ba wuta, Baba ya ba ni aron ƙarfen dalmarsa na da, wanda ake ɗorawa a kan gawayi. Ƙanena na haska mini da fitilar waya, zufa tana ɗiga a kan faifan.

Wajen sha biyu aka kawo wuta na jona. Kunnen wuya shi kaɗai, murya cike da kauri. Na jaki shi kaɗai, tsaf. Na buɗe su tare ina jiran aljanna, sai na ji wani siririn sauti ta hanci, kamar mai mura yana waƙa cikin gwangwani, ƙasan duk ya zube, ƙugi kuma ya ninka. Gabana ya faɗi, na ce an sayar mini da gawa.

Sai da na sha ruwa na nutsu na sake leƙawa. Farar waya ita ke zuwa ƙafar bolum, baƙa ta kwanta a bayansa. A na jaki na juya su. Kunnuwan biyu sun koma suna musu: wannan ya ce sama wancan ya ce ƙasa, abin da suka yi tarayya a kai ya mutu, ƙugin da ya kamata su kashe suka haɗu suka goya. Minti biyar na gyara.

Na buɗe duka biyu. Na ɗauka waya ce ta zare, har na duba. Shiru ne kawai. Na ja babbar tsirkiya sau ɗaya na bar ta tana gurnani har ta mutu da kanta. Uwargida ta leƙo ta ce in tuna akwai masu tashi sahur.

Alhamis, 13 ga Maris

Tsofaffin bolum ɗin ƙura ta cinye su, in ka murɗa sai ƙarar yashi. Kuma 500k aka rubuta a bayansu, alhali 250k ake sa wa irin waɗannan kunnuwa. Mai babbar lamba yana barin tsinin sauti ya wuce da yawa, shi ya sa da sabbin kunnuwan kowane gogar yatsa ake ji. Na sa 250k guda uku, masu harafin A a jiki. Masu B ma suna aiki, sai dai jin kunnen mutum ya fi tafiya daidai da A.

Sai kondensa ta mamurɗin amo, 'yar aba kamar ƙwayar wake, wadda ke kwashe tsinin sauti ta zubar a wayar ƙasa. Baba ya juye mini gwangwanin madara cike da waɗanda ya ciro daga matattun rediyoyi, ya koya mini karatun lambar: 223 ita ce 0.022, 473 ita ce 0.047, 104 ita ce 0.1 na maikurofarad. Muka jawo waya biyu waje muka riƙa maƙala su ɗaya bayan ɗaya. Ta 104, in na rufe amo gaba ɗaya, kamar an kifa wa lasifika ƙwarya. Ta 223 ba ta rage abin kirki ba. Na zauna a kan 473, wadda ita ce dama aka saba sa wa.

Na ga ana tallar wasu kondensa da tsadar da za ta sayi tiyar shinkafa da miyarta, wai su ke da zaƙin amo na da. Mun gwada 473 iri uku, kore da ruwan ƙasa da wata mai ruwan goro, Baba ya juya baya yana saurare. Ya ce, "Ɗana, duk ɗiyan gida guda na." Ni ma ban ji bambanci ba.

Talata, 18 ga Maris

Yau ce ranar da ta fi ba ni mamaki, kuma sukundireba kaɗai na riƙe.

Da na ɗaura kunnuwan ranar nan, sama na ɗago su sosai, a tunanina kusanci shi ne ƙarfi. Ƙarfi kam an samu. Amma in na hau babbar tsirkiya sama da firet na goma sha biyu sai sautin ya riƙa tangaɗi, na'urar saiti ta kasa tsayawa wuri ɗaya, kuma sautin ba ya daɗewa. Maganaɗisun ne ke jan tsirkiya yana hana ta sakewa. In na ja da ƙarfi kuma ta daki kan sandar, ƙwas!

Yadda ake awon: a danne tsirkiya a firet na ƙarshe, a auna daga kan sandar maganaɗisu zuwa ƙasan tsirkiya. Lissafin Fender milimita 2.8 ne a gefen babbar tsirkiya, 2 a gefen ƙarama, don babba ta fi faɗin lilo kuma ta fi yawan ƙarfe. Tawa ko 1.5 ba ta kai ba. Na sauke zuwa awonsu, tangaɗi ya tafi. Daga nan na ajiye ruler na koma wa kunnena: rabin zagaye, in kaɗa tsirkiya huɗu a jere, in saurari wadda ta fi 'yan'uwanta baki. G ta yi ƙasa, na ɗago gefenta kaɗan. Na wuya yana danne na jaki, don tsirkiya ta fi lilo a wajensa, na ƙara nutsar da shi har suka yi kai ɗaya. Soson da ke tura kunnen sama ya mutu a ramin jaki, na yanko gutsuren tsohon silifas na sa, ya yi tauri da yawa, na koma wa soson katifa ninki biyu.

Awa biyu na yi a kan sukuru takwas, da bakin azumi, ban ji wucewarsu ba.

Tsofaffin kunnuwan suna nan a kan taga. Na duba shatin da suka bari a jikin sukuru, na gane a nutse suke can ƙasa duk shekarun nan, ratar ta fi milimita 5, soson ƙarƙashinsu ya zama gari. Da na ɗago su, na kifa maganaɗisun kamar yadda Baba ya ce, wa ya san inda za su kai? Sabbin sun fi su, ba na musu, akwai wani ɗumi da gurnani a tsakiyar sautin da tsofaffin ba su da shi. Amma ban faɗa wa uwargida wannan lissafin ba.

Tsirkiya kuma na dafa ta a tukunya minti goma sha biyar, na shanya ta bushe sarai. Dattin yatsa ya fita, ƙarar sabunta ta dawo. Na san ba ta wuce 'yan makonni.

Asabar, 5 ga Afrilu

Bikin farko bayan Sallah, a Samaru. Tun gwajin yamma na buɗe kunnen jaki gaba ɗaya, na rage na wuya kaɗan, na matso da yatsuna kusa da jaki. Gurnanin nan da na yi wata uku ina nema ya fito fes, kowane sauti da bakinsa. Ina ta washe baki.

Ba mu gama waƙar farko ba mai kalangu ya tsaya, ya rataye makaɗi a wuya. Dattijo ne, ya girme mu duka. Ya ce, "Yaro, kana shiga mini magana." Na ce, "Baba, ni da ke ƙasa?" Ya ce, "Da kana ƙasa. Yanzu ka hawo."

Ya matse kalangun a hammata ya yi kirarin ango, ya ce in bi shi. Na bi, na kuwa ji da kunnena. Inda kalangu ke lanƙwasa harshe, hawa da saukar da ke sa mutane su gane sunan da ake kira, nan daidai sabon gurnanina ya zo ya zauna. Mutane don a kira sunansu suke liƙi, ba don bes ba.

Na mayar da bolum biyu daidai, na rufe amo zuwa rabi, na koma da hannu saman kunnen wuya. Kalangu ya sami hanya, ni kuma na sake nutsewa kamar da. Ina tsaye ina tunanin kuɗina, sai idona ya faɗa kan hannun hagun mai fiyano, yana ta dukan ƙasa, sautin da nake kaɗawa shi ma shi yake kaɗawa, da ƙarar da ta ninka tawa. Shekara shida muna tare ban taɓa lura ba. Na raɗa wa Oga. Ya ce masa ya ɗage hannun hagu ya bar ƙasa ga mai ita. Ya ɓata rai, amma ya ɗage.

Da dare, lokacin da aka tsaya jawabi, ban taɓa bolum ba. Oga ya juyo don sabo, bai sami abin harara ba, ya juya.

Abin da ya rage: ramin jona waya ya fara sakwarkwacewa, sau biyu yana tsinke mini sauti in na motsa. Makirfon ɗin mai amshi ya ɗan ja mini leɓe ina riƙe da tsirkiya, wannan ba daga jita ba ne, janaretar wurin ba a kafa mata ƙarfen ƙasa ba, kuma na gaya wa Oga ba zan sake matsawa kusa da makirfo ba sai an duba. Akwai kuma bolum mai jan kai da nake so in sa, wanda zai jera kunnuwan biyu ɗaya bayan ɗaya maimakon kafaɗa da kafaɗa, sautin ya ƙara kauri ya doshi na Precision. Baba ya ce in kawo ta ranar Talata bayan la'asar, in taho masa da tsofaffin kunnuwan, yana son ya kifa maganaɗisun ya ji da kansa.